Yadda Za Ka Zaɓi Sababbin Tayoyi Ga Babbar Jif Ta Alfarma

Babbar jif irin Lexus LX 570 ko Land Cruiser V8 tana da nauyin kilo 2,600 zuwa 2,700 tun kafin kowa ya shiga. In aka cika ta da iyali da kaya da mai, sai ta haura tan uku. Wannan nauyin ne taya ke ɗauka a kan kwalta mai zafi, da gudun kilomita ɗari cikin sa'a, tana faɗawa rami tana fitowa. Shi ya sa sayen taya ga irin waɗannan motoci ya wuce a je shago a ce "ba ni mai lamba 18" ko "ba ni mai lamba 20". Girma ɗaya ne kawai daga cikin abubuwa biyar da dole su dace: girma, ƙarfin ɗaukar nauyi, iyakar gudu, shekarun tayar, da irin hanyar da motar ke bi. Sau da yawa huɗun ƙarshe su ne ba a dubawa.

Mataki na farko: takardar jikin ƙofa

Kada ka fara da tayar da ke kan motar yanzu. Galibin waɗannan motoci sun ratsa hannaye kafin su iso gare ka, kuma ba mamaki wani ya riga ya sa mata abin da bai dace ba. Buɗe ƙofar direba ka duba ginshiƙin da ƙofar ke rufuwa a kai. Akwai 'yar takarda manne a wurin, a wasu motocin Turai kuma tana cikin marfin tankin mai. Ita ce ke ɗauke da girman tayar da kamfani ya ƙera motar da shi, da yawan iskar gaba da ta baya, wani lokaci har da iskar da ake ƙarawa in motar ta cika da kaya. Ɗauki hotonta da waya. In fenti ya rufe ta ko an ɓamɓare, littafin motar yana da bayanin, dila kuma zai iya fito da shi daga lambar shasi.

Ga girman da aka fi gani a motocin da suka yi yawa a wajenmu. Land Cruiser 200 tana zuwa da 285/60R18 ko 285/65R17. LX 570 ta kafin 2016 tana da 285/50R20, na 2016 zuwa sama kuma da yawa suna da 275/50R21. Prado 150 tana da 265/65R17 ko 265/60R18. RX 350 ta 2016 zuwa sama tana da 235/65R18 ko 235/55R20. Range Rover babba takan zo da 275/45R21 ko 275/40R22. Wannan don ka san inda aka dosa ne, amma takardar ƙofarka ita ce alƙali.

Mataki na biyu: karanta rubutun har ƙarshe

Ɗauki 285/60R18 116V a matsayin misali. Lamba 285 faɗin taya ne da milimita. Lamba 60 tana nufin tsayin gefen taya, daga bakin rim zuwa inda zane ya fara, kashi 60 cikin ɗari ne na faɗin, wato milimita 171. Harafin R yana nuna irin saƙar wayoyin ciki, 18 kuma faɗin rim ne da inci. Yawancin masu saye a nan suke tsayawa, alhali 116V ɗin da ya rage shi ne ran maganar.

Lamba 116 ma'aunin nauyi ne, kuma ba kilo take nufi kai tsaye ba, akwai jadawalinta. Lamba 104 kilo 900 ne ga taya ɗaya, 107 kilo 975, 110 kilo 1,060, 112 kilo 1,120, 113 kilo 1,150, 116 kilo 1,250, 120 kuma kilo 1,400. Doka a nan ɗaya ce: kana iya hawa sama da lambar kamfani, amma ba a sauka ƙasa da ita ko da ɗaya. Wani zai ce ai 112 sau huɗu kilo 4,480 ne, ya ma fi nauyin motar. Lissafin bai tsaya nan ba. Nauyi ba ya rabuwa daidai tsakanin tayoyi huɗu. In an taka birki da ƙarfi yana komawa gaba, a kwana yana komawa gefe ɗaya, in but ya cika yana zama a baya. Sannan kilon da aka rubuta yana aiki ne kawai in iska ta cika yadda ya kamata. Tayar da iskarta ta ragu ba ta iya ɗaukar abin da aka rubuta a jikinta.

In ka ga XL a jikin tayar asali, wadda za ta maye gurbinta ma ta zama XL. Taya ce da aka ƙarfafa don ta ɗauki iska da nauyi fiye da takwararta mai girma ɗaya. Tayoyi biyu za su iya zama 275/45R21 dukansu, ɗaya 107 ɗaya 110 XL, mai shago kuma ya ce maka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, bambancin kilo 85 ne a kowace ƙafa.

Mota mai sulke kuwa takardar ƙofarta ta daina aiki tun ranar da aka yi mata sulken, domin ƙarfe da gilashin da aka ƙara suna iya ɗora mata fiye da tan ɗaya. Girman taya da lambar nauyi da iskarta sai daga kamfanin da ya yi sulken. Mai irin wannan mota kada ya kuskura ya sayi taya bisa abin da 'yar'uwarta marar sulke ke sawa.

Harafin ƙarshe iyakar gudu ne: S kilomita 180 cikin sa'a, T 190, H 210, V 240, W 270, Y 300. Dokar hanya a Nijeriya ta tsayar da motar gida a 100 kan babbar hanya, don haka ba don a yi gudun ake kula da harafin ba. Amfaninsa shi ne yana nuna yadda tayar ke jure zafi. Zafi shi ke raba roba da wayoyin da ke cikinta, kuma a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, lokacin da ma'aunin zafi ya wuce 40 a inuwa, kwalta ta fi haka nesa ba kusa ba. A tayoyi da yawa za ka kuma ga an rubuta TEMPERATURE sannan A ko B ko C. Ga mota mai nauyi da ke doguwar tafiya a yankinmu, nemi A. B ana iya haƙuri da ita a tayar daji. C a bar ta a shago.

Mataki na uku: abin da ya keɓanta da motocin Turai

Masu Toyota da Lexus za su wuce nan da sauri. Masu BMW, Mercedes, Porsche, Audi da Range Rover su ɗan dakata.

Waɗannan kamfanoni suna sa a yi musu taya ta musamman, a buga mata tambari a gefe: tauraro ga BMW, MO ga Mercedes, AO ga Audi, LR ga Land Rover, harafin N da lamba ga Porsche. Ba dole ba ne sai mai tambarin, muddin girma da nauyi da gudu sun dace, amma in ana samunta ita ce ta fi, musamman ga BMW da Porsche da na'urorinsu ba sa son bambancin kewayen taya. Abin da bai kamata ba shi ne haɗa mai tambari da marar tambari a aksil ɗaya.

Na biyu, da yawa cikin BMW X5 da Porsche Cayenne da Mercedes GLE suna da tayar baya da ta fi ta gaba faɗi. X5 mai rim 20 ta shekarun 2007 zuwa 2018 takan zo da 275/40R20 a gaba da 315/35R20 a baya. An zaɓi lambobin ne don kewayensu ya zo kusan ɗaya duk da bambancin faɗi. Ba a juya irin waɗannan gaba zuwa baya, kuma ba a sa girma ɗaya a duka huɗun a kan rim ɗin da suka bambanta.

Na uku, tayar da ke tafiya ko ta sace. BMW ta fi kowa amfani da ita, kuma za ka gane ta da RFT a Bridgestone, ZP a Michelin, SSR a Continental, MOE a wadda aka yi wa Mercedes. Gefenta yana da kauri, yana iya ɗaukar motar kimanin kilomita 80 da gudun da bai wuce 80 ba bayan iska ta fita. Motocin da suka zo da ita galibi ba su da safaya ko jak. Matsalarta a wajenmu ita ce tauri: tana sa motar tsalle a hanya marar kyau, rami yana saurin yi mata ƙulu a gefe, kuma in an yi tafiya da ita ba iska yawancin kamfanoni sun ce ba a yi mata faci. Ana iya komawa taya ta yau da kullum, kuma a ganina ga wanda ke fita wajen gari hakan ya fi. Sharaɗin shi ne a canja duka huɗun lokaci ɗaya, a kuma sayi safaya da jak da sifana a ajiye a but. Kilomita 80 ba za su kai ka ko'ina ba tsakanin Damaturu da Maiduguri in babu shagon da ke da 315/35R20 a gabanka.

Mataki na huɗu: tsayin gefen taya da zancen canja girma

A nan ne kwalliya da hanya suke rigima. Rim mai inci 22 yana da kyau a ido, amma duba lissafin. Gefen 285/60R18 milimita 171 ne. Na 285/50R20 milimita 142 da rabi. Na 275/40R22 milimita 110 kacal. Wannan tazarar ita ce kaɗai tsakanin bakin rami da ƙarfen rim. In taya ta daki bakin rami da gudu, gefenta yana matsewa tsakanin kwalta da rim, zaren ciki ya tsinke, washegari ka ga ƙulu ya fito. Ƙulun nan ba ya gyaruwa, kuma tayar tana iya fashewa kowane lokaci. In dukan ya yi tsanani rim ɗin kansa ya lanƙwashe ko ya tsage. Wanda motarsa ba ta fita daga unguwannin Maitama da Asokoro na Abuja zai iya zama da 21 ko 22. Wanda ke zuwa gida duk sallah ta hanyar da damina ta ci, rim 18 ko 20 ya fi masa alheri, kuma tayarsu ta fi sauƙin samu a Kano ko Kaduna ko Maraɗi.

In za ka canja girma, abin da ake kiyayewa shi ne tsayin taya gaba ɗaya. Ga yadda ake lissafi: faɗi sau kason gefe, a ninka biyu, a haɗa da incin rim sau 25.4. Ga 285/60R18, 171 sau biyu 342 ne, a haɗa da 457, ya ba da milimita 799. Ga 285/50R20, 285 a haɗa da 508, milimita 793. Bambancin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, shi ya sa ake iya musanya su a Land Cruiser da LX 570. Abin da masu sana'ar suka saba bi shi ne kada bambanci ya wuce kashi uku cikin ɗari.

Masu Prado da yawa suna tashi daga 265/65R17 zuwa 265/70R17 don motar ta ƙara tsayi. Na farkon milimita 776 ne, na biyun 803, bambancin ya ɗan haura kashi uku. Sakamakon: agogon gudu zai nuna 100 alhali motar ta fi haka da kusan uku, motar za ta ɗan yi nauyin tashi, mai zai ƙaru, tayar tana iya goga jikin mota in an murɗa sitiyari har ƙarshe, kuma dole safaya ma ta koma sabon girman. Ba haramun ba ne, amma a san abin da aka saya. In kuma rim za ka rage, a fara gwada ɗaya a ƙafar gaba kafin a biya kuɗi, domin birkin Range Rover da Cayenne da motocin Mercedes AMG yana da girma, ƙaramin rim ba ya rufe shi.

Mataki na biyar: irin zanen

Ka tambayi kanka gaskiya inda motar ke yini. In kashi tara cikin goma kwalta ce, tayar babbar hanya ce taka, wadda ake rubuta wa H/T ko H/L. Ba ta da ƙara, tana kama birki da kyau a ruwa, ba ta cin mai. Bridgestone Alenza, Yokohama Geolandar H/T, Michelin Primacy SUV da Pirelli Scorpion Verde duk a wannan sahun suke. In kana haɗa kwalta da burji da hanyar gona, nemi A/T, irin Yokohama Geolandar A/T G015, Dunlop Grandtrek AT, Falken Wildpeak ko BFGoodrich All-Terrain. Zanenta ya fi zurfi, kafaɗarta ta fi jure dutse da ƙaya, amma za ka ji ƙararta, kuma a jiƙaƙƙiyar kwalta tana buƙatar tazara mai tsawo kafin ta tsaya. M/T ta taɓo ce. A motar alfarma da ke yawo cikin gari ba ta ƙara komai sai gunji da karkarwa.

Wasu tayoyin A/T suna da LT a gaban lambar girma. Ginin motar ɗaukar kaya ne da su: gefe mai kauri, nauyi mai yawa. Suna da amfani ga mai ratsa daji ko hamada, amma suna kashe laushin da aka sayi motar dominsa, kuma suna buƙatar iska fiye da ta takardar ƙofa kafin su ɗauki nauyi ɗaya da tayar asali. Wanda ya sa LT ya bar ta a iskar da ya saba, tayar za ta riƙa yin zafi fiye da kima.

Mataki na shida: shekaru, da abin da kasuwa ke ɓoyewa

Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina ƙera taya a Ikeja a 2008, tayoyin manyan motoci daga waje ake shigo da su. Tsakanin masana'anta da shagon da kake tsaye akwai jirgin ruwa da sito da rana, don haka sabuwa a ido ba lalle ta zama sabuwa a shekaru ba.

Nemi rubutun da ya fara da DOT a kusa da bakin rim. Lambobi huɗu na ƙarshe, cikin wani ɗan zagaye, su ne ranar haihuwar tayar: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 3523 na nufin mako na 35 na 2023. Sau da yawa a gefe ɗaya kawai ake buga su, don haka ka sa a juya maka tayar. Duba duka huɗun, ɗaya bayan ɗaya, kada ka yarda da wadda aka fito da ita gaba a matsayin shaidar sauran. Shafa wurin da yatsa. Lambobin asali an gasa su ne tare da robar, gefensu santsi ne. In wurin ya yi kaushi kamar an kankare, ko ya fi kewayensa sheƙi, ko makon ya wuce 53, an taɓa shi.

Kamfanonin taya irin Michelin suna cewa a riƙa duba taya kowace shekara bayan ta cika biyar, kuma kada ta wuce goma ko da zanenta na nan. Kamfanonin mota da dama suna cewa shida. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a Nijeriya tana wa'azi da shekara huɗu daga ranar ƙira, kuma jami'anta suna duba lambar a hanya. Zafi yana tsufar da roba da sauri, don haka a yankinmu gajeren lissafin ya fi kusa da gaskiya. Shawarata ita ce kada ka biya kuɗin sabuwa ga tayar da ta wuce shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi a sito.

Akwai kuma tayoyin da ake cusa wa juna, uku ko huɗu ko biyar cikin ɗaya, don a rage kuɗin kwantena da na kwastan. Hukumar SON, mai kula da ingancin kaya a Nijeriya, ta sha kama irinsu. Cusawar da zarewar suna lanƙwasa wayar bakin taya, suna karya zaren gefe, kuma lahanin ba ya warkewa don an hura iska. Tsayar da tayar a ƙasa ka dube ta daga gaba: bakinta biyu su kasance da'ira sosai, tazarar da ke tsakaninsu ɗaya a ko'ina. Zura hannu ciki ka zagaya, ka ji ko akwai tattarewa ko tsaga ko tabon ƙarfen da aka ɓanɓaro ta da shi.

Tayar Beljiyam kuwa, dokar shigo da kaya ta Nijeriya ta hana shigo da tsofaffin tayoyin ƙananan motoci, amma kasuwa cike take da su. Ba ka san ramin da ta faɗa ba, ba ka san tsawon tafiyar da ta yi ba iska ba. Mafi haɗari cikinsu ita ce tayar hunturu, domin ita ce ke zuwa da zane mai zurfi da ke jan ido. Za ka gane ta da hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a tsakiya, da kalmomi irin Winter, Alpin, Blizzak ko Ice, da ƙananan tsage-tsage masu yawa a kan kowane ɓangaren zane. An haɗa robarta ne don sanyin da bai kai digiri 7 ba. A kwaltar Kano tana yin laushi, birki ya yi tsawo, ta cinye cikin watanni. Sai dai a lura, wasu tayoyin A/T na gaske ma suna ɗauke da hoton dutsen, don haka sunan samfurin ne zai raba gardama. Motocin da aka shigo da su daga Kanada ko arewacin Turai sukan iso da tayar hunturu a ƙafarsu, sabon mai mota ya duba tun ranar farko.

Sayi daga dila da zai ba ka rasit ɗauke da sunan samfur da girma da lambar DOT ta kowace taya. In kuɗi bai kai na Michelin ko Pirelli ba, sabuwar taya daga kamfani na tsakiya irin Hankook, Kumho, Toyo ko Maxxis, mai cikakkiyar lambar nauyi, ta fi tsohuwar babban suna nesa.

Mataki na bakwai: guda nawa za a canja

Yawancin waɗannan motoci ƙafa huɗu suke ja koyaushe. Akwai akwatin giya a tsakiya da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, kuma yana aiki ne bisa zaton duk tayoyin suna juyawa daidai. Sabuwar taya mai zurfin zane milimita 8 ta fi wadda ta sauka zuwa 3 tsayi da milimita 10, don haka tsohuwar tana juyawa fiye da sabuwar a kowace kilomita. Akwatin yana ɗaukar haka a matsayin santsi, ya yi ta ƙoƙarin gyarawa, faranten cikinsa su yi zafi su cinye. A BMW alamar farko ita ce fizga lokacin tashi ko a kwana. Gyaran ya fi kuɗin tayoyi huɗu. Toyota ta fi haƙuri da wannan, amma ita ma ba a so a matsa mata.

Saboda haka huɗu tare shi ne daidai. In ɗaya ce ta lalace sauran kuma ba su rasa fiye da milimita biyu ba, ana iya sayen ɗaya, amma kamfani ɗaya, samfur ɗaya. In biyu za a saya, su zauna a aksil ɗaya, kuma a baya. Mutane da yawa suna sa sababbin a gaba saboda sitiyari, amma in baya ta kuɓuce a ruwa motar juyawa take yi, kuma doguwar mota mai nauyi in ta juya tana iya kifewa. Iyakar suɗewa a doka a ƙasashe da yawa milimita 1.6 ce, kuma akwai ƙananan tudu cikin kwarin zanen da ke nuna an kai wurin. Ga mota mai tan uku da damina a gaba, canja a milimita 3. Safayar da ke rataye ƙarƙashin Land Cruiser ko LX ita ma a sauko da ita a duba shekarunta da iskarta, sau da yawa ita ce tun ta kamfani.

Mataki na takwas: wurin ɗaurawa

Rim ɗin alminiyam da taya mai gajeren gefe ba aikin guduma da ƙarfen ɓanɓara ba ne. Je inda ke da injin cire taya. Kafin a ɗaga motar, in tana da na'urar ɗagawa da saukewa, kamar LX 570 ko Range Rover ko GLS, a bi abin da littafinta ya ce. A LX 570 ana kashe maɓallin daidaita tsayi kafin a sa jak, in ba haka ba motar tana iya motsawa tana sama.

Gaya wa mai aikin cewa akwai sansar iska a bayan bawul, don kada ya sa bakin injin a daidai wurin ya karya ta. Batirin sansar yana ɗaukar shekara biyar zuwa goma, kuma ba a canja shi shi kaɗai, don haka in motar ta kai wannan shekarun, yanzu ne lokacin canja su tunda tayar a buɗe take. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka galibi sansarsu 315 MHz ce, na Turai 433 MHz, ba sa jin yaren juna. Bawul na roba a sa sabo, na ƙarfe a canja robobinsa.

Duba gefen kowace taya bayan an ɗaura. In akwai kibiya da kalmar ROTATION, kibiyar ta kalli inda motar ke tafiya. In akwai OUTSIDE, ya kasance a waje. A yi balansin a inji ga duka huɗun da dalma mai mannewa ta ciki. In taya ɗaya ta nemi dalma mai yawa fiye da sauran, a sassauta ta a juya ta a kan rim a sake gwadawa, in bai ragu ba a duba rim ɗin ko ya lanƙwashe. Karkarwar sitiyari tsakanin gudun 90 da 120 galibi daga nan take.

Noti a fara ɗaura shi da hannu, a bi su a tsallake ba a jere ba, a gama da sifana mai auna ƙarfi. Land Cruiser 200 mai rim ɗin alminiyam tana son 131 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri da ke jikin sifanar), RX 350 tana son 103, X5 tana son 140. Bindigar iska ko tsayawa da ƙafa kan sifana yana miƙar da ƙusoshin, yana iya karkatar da faifan birki, kuma ranar da taya ta sace a hanya ba za ka iya kwancewa ba. Bayan kilomita 50 zuwa 100 a sake bin notin.

Alayimen na ƙafa huɗu a yi shi a ranar. Kafin a jefar da tsofaffin tayoyin, karanta su: in gefe ɗaya ya cinye, alayimen ne ko bushin da ya mutu, in tsakiya ya cinye, iska ta yi yawa, in kafaɗu biyu suka cinye, iska ta yi kaɗan, in zanen ya yi tudu da kwari, shokoba ta gaji. Duk abin da ya cinye tsohuwar zai cinye sabuwar in ba a gyara shi ba.

Iska

Lambar da ke jikin taya kusa da MAX PRESS, 44 ko 50 ko 51 a ma'aunin iska na psi, iyakar abin da tayar ke ɗauka ce, ba abin da motarka ke so ba. Masu faci da yawa suna hura wa jif 45 ko 50 saboda girmanta. Bi takardar ƙofa, wadda a yawancin waɗannan motoci take tsakanin 32 da 38, sai in an cika kaya. Sayi gejinka ka ajiye a mota. Auna da safe kafin a yi tafiya, ko bayan motar ta huta awa uku. Iska tana hawa da kusan ɗaya a duk ƙarin zafi na digiri biyar zuwa shida, don haka in ka tsaya a Zariya ka ga ta ƙaru da huɗu ko biyar, haka ya kamata, kada ka rage. Wanda ya rage ta da zafi zai wayi gari da tayar da ba ta da isasshiyar iska. Taya lafiyayya ma tana rasa ɗaya zuwa biyu a wata, a duba duk mako biyu da kuma kafin doguwar tafiya. In an rage iska don ratsa yashi, a mayar da ita kafin a hau kwalta.

Kilomita ɗari biyu zuwa uku na farko a bi a hankali, sabuwar roba tana da santsin masana'anta a fuskarta. Daga nan a riƙa juya tayoyin duk kilomita 8,000 zuwa 10,000 in girmansu ɗaya ne. In ƙusa ta shiga tsakiyar zane kuma ramin bai wuce milimita 6 ba, a cire tayar a yi facin daga ciki, igiyar da ake cusawa daga waje ta kai ka shago ce kawai. Huda ko yanka a gefe ko a kafaɗa ba a yi masa faci, tayar canjawa ake yi.